HANKALI KE GANI: DARASIN KIMIYYA DAGA WASAN SAUYA KARTA

Gabatarwa

Hausawa suna da karin magana guda biyu a kan gani, waɗanda in aka jera su sai a ga kamar suna karo da juna. Na farko yana cewa gani ya kori ji, watau abin da mutum ya gani da idonsa ya fi abin da aka ba shi labari tabbas. Na biyu kuwa cewa ya yi hankali ke gani, ido gululu ne. Babu inda gaskiyar na biyun ke fitowa fili kamar a gaban mai rufa-ido. Zai riƙe ƙunshin karta a hannun hagu, fuskarta tana kallon jama'a, kowa yana ganin bakwai ja. Sai ya shafa tafin hannunsa na dama a kai sau ɗaya, yana janyewa sai ga uku baƙa. Idon kowa a buɗe yake, rana tana tsaka, amma ba wanda zai iya faɗin lokacin da katin ya sauya.

Wannan darasi zai bayyana yadda ake wannan sauyi, da abin da ke faruwa a ido da ƙwaƙwalwar mai kallo, da kuma yadda hannu ke koyon irin wannan aiki. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci iyakar idonsa, domin wanda ya san iyakar idonsa da wuya a cuce shi a kasuwa, kuma shi ne ke fahimtar dalilin da ya sa masana kimiyya ba su wadatuwa da “na gani” sai sun auna.

Dabo, Siddabaru da Wala-wala

Wasan rufa-ido daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. 'Yan dabo sun daɗe suna bin kasuwanni da wuraren bukukuwa, suna mayar da tsakuwa kuɗi, ko su zaro ƙyalle mai tsawo daga baki, jama'a suna dariya suna ba su abin da ya sawwaƙa. A Kudancin Nijeriya ma an yi shahararren mai wannan sana'a, Moshood Abiola, wanda aka fi sani da Farfesa Peller, mutumin Iseyin da ya rasu a Ibadan a 1997. Irin waɗannan mutane nishaɗi suke sayarwa, kuma mai kallo ya san wasa ya zo gani.

Akwai kuma wani rukuni da ke amfani da dabarar hannu iri ɗaya don cin dukiyar mutane. Su ne 'yan wala-wala, masu shimfiɗa kati uku a ƙasa su ce a nuna mai ci a sa kuɗi. Karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Dambatta, wuri ne mai yawan jama'a, gona tana manne da gona, ana noma ta kowace shekara da taimakon taki. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki tun yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma shi da J. Wilson sun buga rahoto a kansa a 1965. A irin wannan wuri gonar magidanci ƙarama ce, kuma galibin kuɗin da zai gani a shekara yana shigowa ne da kaka, lokacin da ya kai gyaɗa, wake ko rarar gero da dawa kasuwa. A cikin wannan kuɗi ne ake sayen taki, a biya kuɗin makaranta, a yi hidimar aure. Saboda haka idan saurayi ya tsaya a da'irar 'yan wala-wala da kuɗin buhun wake a aljihu, wahalar damina guda ce ya ɗora a kan amincewarsa da idonsa.

Taƙaitaccen Tarihi

Masana sun daɗe suna tona asirin irin waɗannan dabaru. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta *Kitabul Manazir*, inda ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ya ware sashe na uku na littafin ga kurakuran gani, ya kuma nuna cewa hankali yana yin kwatance da hukunci kafin mutum ya ce ya gane abin da ke gabansa. Ya ba da misali da abin wasan yara mai juyawa, irin katantanwa: idan aka shafa masa launuka dabam-dabam aka murza shi da ƙarfi, sai a ga launi ɗaya, alamar cewa ido yana bukatar lokaci kafin ya tantance launi.

A ƙarni na 13 wani mutumin Dimashƙu, Abdurrahim Aljaubari, ya rubuta *Almukhtar fi Kashfil Asrar*, inda ya fallasa dabarun 'yan damfara da masu da'awar mayar da ƙarfe zinariya. A Ingila kuma Reginald Scot ya buga littafi a 1584 yana bayyana wasannin kuɗi da na karta, domin ya nuna wa mahukunta cewa aikin hannu ne, kada a riƙa kashe mutane da zargin maita.

Ita kanta karta, yawancin masana tarihi sun tafi a kan cewa daga Masar ta zamanin Mamluka ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma akwai tsofaffin katunan Mamluka ajiye a gidan tarihi na Topkapi a Santambul. Dabarar sauyin da za a bayyana a ƙasa ta shahara ne ta hanyar wani littafi kan sarrafa karta da aka buga a Shikago ta Amurka a 1902, wanda marubucinsa ya sa sunan aro na S. W. Erdnase. Da wannan suna masu sana'ar ke kiran dabarar har yau.

Yadda Ake Sauya Katin

Ƙunshin karta yana da kati 52. Tsawon kowane kati ya kusa santimita 9, faɗinsa kimanin santimita 6, kaurinsa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Wannan awo shi ne tushen dabarar: tafin hannun baligi tare da yatsu yana iya rufe kati ruf, kuma kati biyu da aka haɗa ba su da bambanci da ɗaya a ido. Aikin yana da mataki huɗu.

1. A riƙe ƙunshin a tafin hagu, fuskar katunan tana sama, ɗan yatsa manuni yana a gefen gaba.

2. A ɗora hannun dama a kai, yatsu a haɗe, a tura katin sama gaba kamar santimita 2. A idon mai kallo nuna masa katin ake yi. A haƙiƙa kuwa turawar ta buɗe ƙarshen kati na biyu ta ɓangaren mai wasa.

3. Hannun dama yana rufe da ƙunshin, sai gindin tafin ya dafe wannan ƙarshe na kati na biyu ya jawo shi baya, har ya kuɓuce daga ƙarƙashin na farko.

4. A mayar da hannun gaba, kati na biyu yana manne da tafi, ya hau kan na farko. A daidai lokacin manunin hagu ya tura na farkon ya koma daidai da 'yan'uwansa. Sai a buɗe yatsu a janye hannu a hankali.

Babu katin da ya rikiɗa. Na biyu ne ya hau kan na farko, na farkon yana nan a ƙarƙashi.

Akwai darasin fiziya a mataki na uku. Katin yana bin tafi ne saboda gogayyar da ke tsakanin fata da kati ta fi wadda ke tsakanin kati da kati. Fata mai ɗan danshi ta fi busasshiya kamu. Shi ya sa da hunturu, lokacin da iska ta bushe hannu ya yi kaushi, sai katin ya ƙi biyo tafi, ga wanda ya yi gumi da yawa kuma sai kati biyu su manne su taho tare. Akwai kuma darasin lissafin kusurwa. Haske a miƙe yake tafiya, don haka hannu yana kare katin ne daga wanda ke gaba kawai. Wanda ya tsaya a gefe, ko yaron da ke tsugune yana kallo daga ƙasa, yana iya hango katin a lokacin da aka jawo shi baya. Wannan ne ya sa mai wasa a kasuwa yakan jingina da bango ko gindin bishiya, ya kuma tsara inda 'yan kallo za su tsaya.

Abin da Ido Ke Iya Ɗauka

Mutane sukan ce hannun mai dabo ya fi ido sauri. Binciken masana bai goyi bayan wannan ba. Hasali ma motsi mai sauri jawo ido yake yi, kuma ƙwararru sun fi son aiki a natse. Sirrin yana cikin ƙirar idon kansa.

A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda masana ke kira retina. Yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu jin haske kimanin miliyan 100, amma jijiyar gani da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan tun a cikin ido ake taƙaita labari. Bugu da ƙari, wurin da ke gani tar-tar ɗan gurbi ne a tsakiyar tantanin, wanda za a iya kira cibiyar gani. Abin da cibiyar ke ɗauka bai wuce faɗin digiri 2 ba, watau kamar faɗin babban yatsa idan aka miƙe hannu. Duk abin da ke wajen wannan fili dishi-dishi ake ganinsa. Idan mai kallo yana nesa da mita 2, kati ɗaya mai tsawon santimita 9 ya isa ya cika wannan fili. Da zarar ya ɗaga ido ya dubi fuskar mai wasa, hannayen sun fita daga inda yake gani sosai.

Domin cike wannan giɓi, ido yana tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau uku a kowane sakan. A lokacin kowane tsalle ƙwaƙwalwa tana rage karɓar hoto, don kada duniya ta riƙa yi wa mutum rawa. Ga kuma ƙiftawa, wadda ake yi sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Har ila yau, a inda jijiyar gani ta fita daga ido babu ƙwayoyin jin haske ko ɗaya, don haka kowane ido yana da makahon gurbi, kamar yadda Bafaranshe Edme Mariotte ya gano a shekarun 1660. Duk da waɗannan ramuka mutum yana jin kamar yana ganin komai a sarari ba yankewa. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana ɗinke guntayen, tana cike abin da ya ɓace da abin da ta saba gani. Hoton da mutum ke gani saƙa ce ta ƙwaƙwalwa, ido zare kawai yake kawowa.

Inda Hankali Ya Tafi

Ko da abu yana tsakiyar ido, ba lalle ne a gan shi ba idan hankali yana wani wuri. A 1998 Daniel Simons da Daniel Levin sun yi wani gwaji a harabar Jami'ar Cornell a Amurka. Mai bincike zai tsayar da mai wucewa ya tambaye shi hanya. Suna cikin magana sai wasu su ratsa tsakaninsu ɗauke da ƙyauren ƙofa, a bayan ƙyauren kuma wani mutum dabam ya maye gurbin mai tambayar. Kusan rabin waɗanda aka gwada ba su lura an sauya musu abokin magana ba. Ana kiran wannan makantar sauyi. Idan ana iya sauya mutum sukutum a bayan ƙyaure, sauya kati a bayan tafin hannu ba abin mamaki ba ne.

A 1999 Simons da Christopher Chabris, a Jami'ar Harvard, sun nuna wa mutane hoton bidiyo na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiyar fili. Kimanin rabin masu ƙirgar ba su gan shi ba. Hankali kamar tocila yake a cikin duhu: inda aka haska nan ake gani. Surutun mai dabo, da tambayar da zai jefa wa mai kallo, da dariyar da zai jawo, duk hanyoyi ne na karkatar da wannan tocila.

Ƙwaƙwalwa kuma tana yin kintace. A 2006 Gustav Kuhn da Michael Land a Ingila sun gwada wani tsohon wasa. Mai wasa ya jefa ƙwallo sama sau biyu yana cafewa, a karo na uku ya yi kamar ya jefa amma ya riƙe ta a hannu. Idan ya bi ƙwallon ƙaryar da kallo zuwa sama, kusan kashi biyu cikin uku na masu kallo sukan ce sun ga ta tashi ta ɓace a iska. Idan kuwa ya ci gaba da kallon hannunsa, sai adadin ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Abu biyu suka fito a nan: mutum yana bin idon ɗan'uwansa, kuma yana iya ganin abin da ya sa rai zai faru ko da bai faru ba. A wasan sauya kati, mai kallo ya saba ganin hannu yana shafa abu ba tare da ya ɗauke shi ba, sai ƙwaƙwalwarsa ta rubuta shafa kawai, ta rufe littafi.

Katin a Ɗakin Bincike

Masana sun ari dabarar sauya kati ita kanta don su binciki tunanin ɗan Adam. A 2005 Petter Johansson da Lars Hall na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin, tare da abokan aikinsu, sun gwada mutum 120. Ana nuna wa kowa kati biyu masu hotunan fuskoki, a ce ya zaɓi wadda ta fi burge shi, sa'an nan a kife katin a tura masa ya bayyana dalilinsa. A wasu lokuta akan yi amfani da kati ɓoyayye a miƙa masa hoton da ya ƙi. Sauyin da aka gano kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Abin da ya fi ban mamaki shi ne da yawa sun ci gaba da kawo hujjar zaɓin da ba su yi ba, har suna yabon siffofin da ke jikin hoton da suka ƙi. Wannan ya nuna cewa tabbacin da mutum ke ji a zuciyarsa ba hujja ba ce ta cewa abin da ya gani haka yake. Darasi ne ga mai ba da shaida, da mai sauraron shaida, da ɗalibin da ke rubuta sakamakon gwaji.

Yadda Hannu Ke Koyo

A 1967 Paul Fitts da Michael Posner sun kasa koyon aikin hannu mataki uku. A na farko mai koyo yana tunanin kowane motsi, yana kuskure da yawa. A na biyu motsin ya fara haɗuwa, kuskure yana raguwa. A na uku aikin ya zama jiki, ana yi ana hira. Mai saƙar faifai da mai ɗinkin hula duk ta wannan hanya suka bi. Sassan da ke can cikin ƙwaƙwalwa, da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, su ke karɓar aikin sannu a hankali daga sashen tunani. Mai sauya kati dole ya kai mataki na uku, domin muddin yana tunanin yatsunsa zai dube su, mai kallo kuma zai bi idonsa.

Ga ƙa'idojin da suka dace da abin da bincike ya nuna. Na farko, a fara da motsin gaskiya: a shafa katin ba tare da an sauya komai ba, a lura da yadda hannu ke tafiya, sa'an nan a sa motsin dabara ya yi kama da shi. Na biyu, a yi a hankali, sauri zai zo da kansa. Na uku, gwajin minti 15 kullum ya fi na awa uku rana ɗaya. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a Harvard sun samu cewa waɗanda suka koyi wani tsarin danna maɓallai da yatsu sun ƙara sauri da kimanin kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare, ba tare da ƙarin gwaji ba. Na huɗu, madubi yana da amfani amma yana da illa, domin mai koyo yakan ƙifta ido daidai lokacin dabarar ya ɓoye wa kansa kuskurensa. Ɗaukar hoton bidiyo da waya, ko sa aboki ya kalla daga kusurwa dabam-dabam, ya fi. Na biyar, ba a maimaita wasa ɗaya ga mutum ɗaya nan take, saboda a karo na biyu ya san inda zai ajiye hankalinsa.

Wala-wala a Ma'aunin Lissafi

Ɗan wala-wala yana riƙe kati biyu a hannu ɗaya, ɗaya a bisa ɗaya, na ukun a ɗaya hannun. Zai nuna na ƙasa, wanda shi ne mai ci, ya jefa shi ƙasa a kife. Zai yi haka sau da yawa da gaskiya har idon mai kallo ya saba. Da kuɗi ya sauka, sai ya saki na sama maimakon na ƙasa, yatsunsa su gyara riƙo nan take. Motsin biyu kamarsu ɗaya. Mai kallo ya bi katin banza tun daga jifan farko, duk sauran jujjuyawar ado ce.

A duba lissafin. Ko da babu maguɗi, mai zaɓe da ka yana da dama ɗaya cikin uku. Alal misali, idan ana biyan daidai abin da aka sa, wanda ya sa Naira 1,000 sau uku ana sa ran ya ci 1,000 ya faɗi 2,000. Da maguɗi kuwa abin ya fi haka muni, domin wanda ya fi kowa zuba ido shi ya fi tabbatar faɗuwa: dabarar an gina ta ne a kan mai bin kati da kyau. Waɗanda ake gani suna ci suna murna galibi abokan cin mushe ne, aikinsu su sa baƙo ya ga abin da sauƙi. Wani lokaci ɗayansu zai lanƙwasa kusurwar katin mai ci kamar a ɓoye, ya ƙyafta wa baƙon ido. Mai rabawa ya san da haka, zai miƙe wannan kusurwa ya lanƙwasa ta wani katin. A garin neman gira sai a rasa ido.

Caca haramun ce a Musulunci, kuma dokar Shari'a da Jihar Kano ta kafa a shekarar 2000 ta hana ta. Amma dabarar ta sauya riga. Masu da'awar ninka kuɗi suna musanya ƙunshin kuɗi da na yankakkiyar takarda. A bakin na'urar cirar kuɗi kuma akwai masu zuwa da sunan taimako, su karɓi katin banki na dattijo, su leƙi lambar sirrinsa, su mayar masa da wani katin mai kama da nasa. Makantar sauyi ce dai: launi ɗaya, girma ɗaya, hankali kuma yana kan allon na'ura. Maganin shi ne kada kati ya bar hannun mai shi, in kuwa ya bari, a karanta suna da lambar da ke jiki kafin a bar wurin.

Gwaje-gwaje Don Aji

Ba sai an kawo karta makaranta ba. Ana iya yanka kwali mai santsi santimita 6 da 9, a rubuta lambobi ko alamomin sinadarai, misali Na ya koma Cl.

1. *Makahon gurbi.* A zana kuros a hagu da ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. A rufe idon hagu, a kafa na dama a kan kuros, a matso da takardar daga tsawon hannu. Wajen santimita 30 daga fuska ɗigon zai ɓace, farin takarda ya cike gurbinsa.

2. *Tsallen ido.* Ɗalibi ya dubi madubi, ya riƙa mayar da kallo daga idonsa na hagu zuwa na dama. Ba zai ga motsin idonsa ba, amma abokin da ke kallonsa zai gani sarai.

3. *Cibiyar gani.* Ɗalibi ya kafa ido a kan alama a allo. Wani ya riƙo kati daga gefen kunnensa yana zagayowa da shi gaba a hankali. A rubuta inda ya fara ganin motsi, da inda ya gane launi, da inda ya iya karanta lamba.

4. *Hankali.* A kasa aji gida biyu. A yi wa rukunin farko sauyin kati shiru. A yi wa na biyu daidai lokacin da aka jefa musu tambayar lissafi. Kowa ya rubuta abin da ya gani shi kaɗai kafin a yi magana, sa'an nan a ƙirga waɗanda suka gano dabarar a kowane rukuni. Malami ya jawo hankalin ɗalibai ga dalilin sauya abu ɗaya tak tsakanin rukunan biyu, da dalilin hana su tattaunawa kafin rubutu.

Kammalawa

Sauya kati aiki ne na gogayya da kusurwa da maimaici, wanda ke cin nasara saboda ido yana ɗaukar kaɗan, hankali yana bin abu ɗaya a lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma tana cike saura da abin da ta saba. Wannan tsari ba naƙasa ba ce, shi ne ke ba mutum damar tsallaka titi ko cafe abin da aka jefo masa ba tare da dogon nazari ba. Sai dai yana da ƙofofin da mai wayo zai iya bi. Mai dabon da ya ce wasa yake yi yana koya wa jama'a inda ƙofofin suke, ɗan damfara kuwa ta nan yake shiga aljihu. Saboda wannan rauni ne aka ƙirƙiro ma'auni da sikeli da agogo, aka kuma shar'anta maimaita gwaji a kimiyya. Manomin da ya ƙi karɓar kiyasin ido ya ce a kawo mudu, a kan wannan ƙa'ida yake.

Tambayoyi

1. Me ya sa sauya kati ya fi wuya da hunturu?
2. Kati mai tsawon santimita 9 yana nesa da mita 3. Yi amfani da lissafin kusurwa ka gano digiri nawa ya cika a ido.
3. Bayyana dalilin da ya sa mai zuba ido sosai a wala-wala ya fi mai zaɓe da ka faɗuwa.
4. Kawo misali biyu daga gona ko kasuwa inda awo ya saɓa wa kiyasin ido.